Injiniyar da ta hana ni kashe sabata

Sana'ata kayan gwari ce. Shekara 19 ke nan ina kasuwar Farin Gada da ke Jos, ina sayen kabeji da karas da koren wake da tattasai, dankalin turawa kuma daga Bokkos da Mangu, ina ɗora wa mota zuwa Abuja. Masu gidajen abinci da otal-otal su ne yawancin abokan cinikina. Motarmu takan tashi da daddare, ta gangara Hawan Kibo, ta bi Akwanga da Keffi, kafin gari ya waye kaya sun isa. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san wanda ke magana. Na yi difloma a fannin kwamfuta tun zamanin da ake yawo da fulofi a aljihu, na iya buɗe baƙin allo in rubuta umarni biyu ko uku, iyakar ilimina ke nan.

Sharhin nan a kan aikin da wata matashiya ta yi mini ne a watan Janairu, ita da abokin aikinta, a wani ɗan ofishi da ke saman bene kusa da Terminus. Ba su da allo a ƙofa, ta bakin mutane ake samun su. Injiniya nake ce mata, ita kuma Kawu take ce mini, domin ajinsu ɗaya da 'yar yayata a Jami'ar Jos, kuma ta hannun yarinyar na same ta.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 cinikinmu ya koma taransfa gaba ɗaya. Wayata ta cika da hotunan rasit, har na taɓa ɗora wa mutum buhu 12 na dankali a kan rasit ɗin da ya riga ya turo mini mako biyu baya. Bayan wannan ne ni da abokan sana'a shida muka haɗa kuɗi, wani yaro ya gina mana shafin intanet. Mai saye ya shiga, ya zaɓi kaya, ya biya, ya ɗora hoton rasit. Direba ma idan ya sauke kaya sai ya ɗauki hoto ya ɗora. Duk wannan yana zaune ne a kan wata saba ta haya a Jamus, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin dare da rana, mai RAM (ƙwaƙwalwar da manhajoji ke aiki a cikinta) gigabait 4, tana tafiya da Ubuntu 22.04, wani nau'in babbar manhajar Linux. Manhajar shafin da Node.js aka rubuta ta, wato Node ne ke tafiyar da ita, bayanai kuma suna cikin MySQL, manhajar rumbun bayanai. Ni aka damƙa wa makullin, tunda ni ne mai diflomar.

Wata da watanni babu abin da ya faru. Da ciniki ya ƙaru, sai sabar ta fara wani hali: ta yi kwana tara ko goma lafiya ƙalau, sai ta fara jan ƙafa, shafi ya riƙa juyi kafin ya buɗe, daga nan sai ya ɗauke ɗif. Maganin da na sani ɗaya ne, in shiga ta waya in danna a kashe a kunna. Minti biyu, komai ya dawo. Na yi haka a masallaci bayan asuba, na yi a cikin Keke Napep a Bauchi Road, na yi a wajen ɗaurin auren ɗan maƙwabcina. Abokan sana'a suka fara kallona da wani irin ido.

Kafin Injiniya, akwai wani da aka haɗa ni da shi a Abuja. Ta waya muka yi komai, bai wuce minti 20 ba. Ya shiga, ya duba, ya ce RAM ta yi kaɗan, a ƙara. Muka koma gigabait 8, kuɗin wata ya tashi daga dala 24 zuwa 48, a lokacin da dala ta riga ta haye naira 1,500. Ya ce ya yi wa MySQL saiti mai kyau, ya kuma sa wani abu da zai riƙa share ƙwaƙwalwar sabar duk awa. Na biya shi, na yi godiya. Sakamako: sabar da ke faɗuwa duk kwana goma ta koma faɗuwa duk kwana shida ko bakwai. Kuma faɗuwar ta sake kama. Da, shafin ne ke ɗaukewa gaba ɗaya. Yanzu yana buɗewa, amma sai ya rubuta cewa ya kasa kaiwa ga rumbun bayanai. Da na kira shi, sai ya ce ai ka gani, MySQL ce matsalar, a koma gigabait 16. A nan na ja birki. Wata biyar na yi ina biyan ninki ina kashewa ina kunnawa.

Ranar Talata na hau benen, sanyin Jos na Janairu yana ratsa rigar sanyi. Ɗakin ƙarami ne, tebur biyu, kujera uku, ɗaya ƙafarta a ɗaure da waya. Bayan gaisuwa, tambayarta ta farko ita ce yaushe na kashe na kunna a ƙarshe. Na ce jiya Litinin da daddare. Ta ɗan ɓata fuska.

"Kawu, duk lokacin da ka yi haka, shaidar da nake nema ce kake gogewa."

Abu na farko da ya burge ni, ba ta karɓi kalmar sirrina ba. Na miƙa mata a takarda, ta ce in mayar aljihu. Ni na shiga da hannuna, ta karanto mini yadda zan buɗe mata nata asusun da makullin SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, ta ce ranar da aiki ya ƙare ni zan goge shi a gabanta. Mutumin Abuja kuwa har ranar kalmar sirrin tana cikin WhatsApp ɗinsa, sai da ta tuna mini na canza.

Ta buga free -h, umarnin da ke nuna yadda RAM take. Na san wannan umarnin, shi ne abin da ke hana ni barci. A ƙarƙashin free an rubuta kusan megabait 200 cikin gigabait 8. Na nuna da yatsa na ce ga shi nan, jiya-jiya aka kunna amma har ta cika. Ta duba agogo, ƙarfe 11 saura minti huɗu. Ta ce in riƙe lambobi biyu a kaina, wannan da na nuna, da ta can ƙarshen layi, wadda ke ƙarƙashin available, gigabait 1.4. Muka zauna shiru, abokin aikinta yana shan shayi. Ƙarfe 11 na bugawa ta sake buga umarnin. Lambar farko ta yi tsalle ta haura gigabait 1. Ta ƙarshen kuwa tana nan kusan inda take.

Sharar da mutumin Abuja ya sa ke nan. Duk awa tana rubuta lamba 3 cikin wani fayil mai suna drop_caches, sai Linux ta zubar da abin da ta ajiye kusa da hannu. Bayanin da Injiniya ta yi mini da yaren kasuwa ta yi shi. Ta ce idan maƙwabcinka bai fito ba, teburinsa yana nan babu kowa, ai za ka baza tumatir ɗinka a kai don ka huta da zuwa sito. Yana zuwa ka kwashe. Haka Linux take yi da RAM da ba kowa a kai: tana ajiye fayilolin da aka karanta kwanan nan don kada ta sake komawa faifai, kuma duk manhajar da ta nemi wuri nan take za a ba ta. Wannan shi ne abin da ke ƙarƙashin buff/cache. Lambar da ke faɗin gaskiyar wurin da ya rage ita ce ta ƙarshe. Daga baya na je na karanta, na ga a 2014 aka ƙara ta cikin Linux, a sigar 3.14, saboda mutane irina da ke firgita da lambar farko. Shara duk awa babu abin da take ƙarawa, sai dai ta sa sabar komawa sito a kan abin da da yana gabanta. Ta cire ta nan take. A htop ma, wata manhaja mai nuna RAM a matsayin sanda mai launuka, ta nuna mini launukan sandar: kore shi ne abin da manhajoji suka riƙe da gaske, ruwan ɗorawa shi ne tumatir ɗin da ke kan teburin maƙwabci.

To amma faɗuwar gaskiya ce, don haka ta ci gaba da tono. Ta buɗe kern.log, littafin da zuciyar Linux ke rubuta abin da ya same ta, wanda kashewa da kunnawa ba ya gogewa. Ta nemo daren Litinin. Ga layin nan: Out of memory: Killed process, sai lamba, sai sunan mysqld. Na ce ashe mutumin Abuja ya yi gaskiya. Ta ce in dakata, ta ɗan matsa sama. Kafin Linux ta kashe wani abu, takan jera duk masu aiki a lokacin da yawan abin da kowa ya riƙe, a ƙidayar shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4. MySQL tana da kusan miliyan 1.4, wato gigabait 5 da rabi da ɗoriya. Node yana da kusan 480,000. Ta buga a kalkuletar wayarta ta juyo mini: kusan gigabait 2.

"Kawu, manhajar da ke karɓar odar kabeji me za ta yi da gigabait 2?"

Idan RAM ta ƙare ƙaf, Linux tana da wani mai yanke hukunci da ake kira OOM killer. Ba ya binciken mai laifi. Makin da yake bayarwa galibi a kan girma ne, wanda ya fi kowa riƙo shi ake kashewa. Kamar direban da motarsa ta kasa hawan Kibo, ya sauko ya jefar da buhun da ya fi girma, ba ruwansa da wanda ya yi ta cusa ƙananan ƙullin kaya a hanya. MySQL ta zama babban buhu ne domin mutumin Abuja ya ɗaga innodb_buffer_pool_size, wato wurin da ake ware mata a RAM, daga megabait 128 da take zuwa da shi zuwa gigabait 5. Shawarar a ba MySQL kaso mafi yawa na RAM tana nan a rubuce, amma don sabar da ba ta da wani aiki sai rumbun bayanai aka yi ta. Tamu kuwa kowa a ciki yake kwana. Wato ƙarin gigabait 4 da nake biya, an miƙa wa MySQL 5. Wurin da ya rage wa Node ya ragu a kan na da, shi ya sa faɗuwar ta matso kusa. An bar jaki ana dukan taiki, har wata biyar.

Ni a nan na ɗauka an gama. Ta gano mai laifi cikin awa ɗaya, sai gyara. Ita kuma ta ce ba ta gano komai ba tukuna. Hoto ɗaya ta gani, na daren mutuwa. Manhaja na iya riƙe gigabait 2 don aikinta ke nan, ta hau ta tsaya. Tana iya kumbura lokacin cunkoso ta sace da daddare. Tana kuma iya yin yoyo, wato ta yi ta karɓar wuri ba ta mayarwa. Uku ɗin nan maganinsu daban-daban ne, kuma ba a rarrabe su sai an bi su kwana da kwanaki. Ta rubuta wani ɗan umarni da zai riƙa leƙa Node da MySQL duk minti biyar yana rubuta abin da kowanne ya riƙe. Ta buɗe swap na gigabait 2 a kan faifai, domin sabar tamu ba ta da ko ɗaya, ta ce wannan katifa ce, idan RAM ta cika za a yi nauyi amma ba za a kashe kowa ba. Sannan ta kafa mini sharaɗi: kada in kashe, kada in kunna, har sai Litinin mai zuwa. Tana so ta ga Juma'a, ranar da oda ta fi yawa saboda ƙarshen mako a Abuja, ta kuma ga Lahadi da kasuwa ke sanyi.

Wannan mako shi ne mafi wuya a cikin aikin, kuma duk wanda zai je wurinsu ya shirya masa. Na biya rabin kuɗi, na koma Farin Gada, abokan sana'a suna tambaya an gyara? In ce ana kallo. Wani dattijo a cikinmu ya ce, Alhaji, kallo kuma har da biya? Ranar Asabar da hantsi shafin ya yi nauyi ƙwarai, wata hajiya mai gidan abinci a Wuse ta kira tana faɗa, ta ce sau uku tana ɗora rasit. Yatsana yana kan maɓallin. Na kira Injiniya sau huɗu ba ta ɗaga ba. Sai bayan awa biyu ta turo saƙo, layi ɗaya: "Kawu, yi haƙuri, ya shiga swap ne, ba zai faɗi ba, kada ka taɓa." Bai faɗi ɗin ba. Amma awa biyun nan sun yi mini tsawo, kuma har yau ina ganin ya kamata wanda ya hana ka shan maganin da ka saba ya kasance kusa da waya.

Ranar Litinin ta juyo mini allon kwamfutarta da zane mai layi biyu. Na MySQL ya hau sau ɗaya ya miƙe kamar titin Rayfield, bai ƙara motsi ba. Ta ce ajiyar kwafin da ake yi ƙarfe 2 na dare ce ke karanta rumbun gaba ɗaya ta cika wurin da aka ba ta, daga nan ta tsaya a iyakarta. Mai yawan ci ce, amma ba ta yoyo. Layin Node kuwa matakalar bene ne. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 ya hau. Ya ɗan kwanta. Bayan la'asar ya sake hawa. Da daddare ya miƙe, amma ko sau ɗaya bai sauko ba. Kusan megabait 300 kowace rana, Juma'a ta fi, Lahadi ɗan taki kaɗan. Ta haɗa abin da ke RAM da abin da ya zube cikin swap, domin ta ce idan RAM kaɗai aka ƙirga, ranar Asabar sai a ga kamar ya daina hawa.

A nan ne ta yi mini tambayar da na fi jin daɗinta a duk aikin. Ta ce me ke faruwa a kasuwa daga 6 zuwa 10, da kuma bayan la'asar? Na ce da safe direbobi ke sauke kaya a Abuja suna turo hoto, da yamma masu saye ke biya suna ɗora rasit. Ta ce hoto nawa a rana? Na ce tsakanin 120 da 150. Ta ce hoton waya kusan megabait 2 ne, Kawu, lissafa. Na lissafa. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni mai ɗakin ne, amsar ma a bakina take, sai da aka nuna mini matakalar na gane ta.

Duk da haka ba ta yarda ta tsaya a kan lissafi ba. Ta tambayi Node da kansa ta hanyar process.memoryUsage. Wurin da JavaScript, yaren da aka rubuta manhajar da shi, ke ajiye nasa kayan bai kai megabait 100 ba, amma ɓangaren arrayBuffers ya kusa gigabait 2. Ta ce wannan ne dalilin da manhajar ba ta taɓa kuka da kanta ba. Node yana da iyakar da idan kayan cikin ɗakinsa suka wuce zai faɗi ya rubuta dalili, amma ɗanyen bayani irin na hoto a waje da ɗakin ake ajiye shi, iyakar ba ta shafe shi ba. Abokin aikinta ya kwafi manhajar zuwa tasa kwamfutar, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da kayan binciken Chrome, ya ɗora hotuna 50 na gwaji, ya sake ɗauka, ya gwama biyun. Ga su nan 50 cif, duk a rataye a jikin abu ɗaya, kowanne da lambar odarsa. Suka buɗe rubutun manhajar. Layi shida ne. Yaron da ya gina ta ya ga hotuna suna jinkirin buɗewa, domin a cikin MySQL ya cusa su, sai ya yi dabara: duk hoton da ya shigo ko aka buɗe, a ajiye kwafinsa a RAM don gaba. Bai sa ranar fita ba, bai sa iyaka ba. Node yana da mai shara da ke kwashe abin da ba a bukata, amma ba ya taɓa abin da wani ke riƙe da shi, kuma wannan jerin yana riƙe da kowane hoto tun daga ranar da aka kunna. Kamar yaron shago da ke ɗauko sabon kwando ga kowane mai saye, ba ya mayar da ko ɗaya.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Lokacin da ya gina mana, oda 15 muke samu a rana.

Gyaran kashi biyu ne. Na take-yanke ta yi shi a ranar: ta rage wa MySQL zuwa gigabait 1, ta sa systemd, mai kula da manhajojin sabar, ya kafa wa manhajar iyaka ya kuma tashe ta idan ta faɗi, ta sa a riƙa sake kunna Node kaɗai ƙarfe 3 na dare lokacin da ba kowa. Ita da bakinta ta ce wannan filasta ce. Ainihin gyaran shi ne a cire layukan nan shida, a fitar da hotuna daga MySQL a ajiye su a faifai, a kuma rage girmansu kafin ajiya, tunda rasit ba ya bukatar kyan hoton biki.

A nan muka sami saɓani. Ta ƙi taɓa rubutun manhajar. Ta ce ba ita ta rubuta ba, ba ta san me kuma ya dogara da wannan jerin ba, aikinta bincike da saba ne. Yaron kuwa yana bautar ƙasa a Kalaba, ga rashin sabis, ga rashin lokaci. Kwana 11 na yi ina binsa. Na fahimci hujjarta, amma layi shida ne, kuma abokin aikinta ya riga ya gwada cire su a kwamfutarsa ya ga komai na tafiya. Da sun ce in ƙara kuɗi su yi, da na ƙara. Abin da ta yi dai, ta rubuta wa yaron takarda mai shafi ɗaya da ta nuna masa fayil da layi, har ya kira ni yana cewa, Alhaji, wace ce wannan?

Sauran ƙorafina ba su da yawa, amma ga su. Ba ta faɗi farashi ba sai da muka yi awa ɗaya ana aiki, lokacin da tashi ya yi wuya. Naira 120,000 na bincike. Rahoton da ta ba ni shafi tara ne da Turanci mai nauyi, alhali bayanin da ta yi mini da baki, da Hausa, da tebur da kwando, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Sai da na zauna na mayar da shi Hausa da kaina kafin in karanta wa abokan sana'a. Saƙon gargaɗin da ta ce zai shigo wayata idan RAM ta kusa cika bai shigo ba ranar Asabar ɗin nan, ta ce kuskurenta ne wajen saiti, ba ta yi musu ba. Abokin aikin nata kuma gwani ne, sai dai gaisuwa ma da ƙyar. Benen nan, duk mai ciwon gwiwa ya aika yaro.

A cikin rahoton akwai abubuwa biyu da ban tambaya ba. Ta rubuta cewa Node 16 da muke kai an daina yi masa gyaran tsaro tun Satumbar 2023, a sabunta. Ta kuma rubuta cewa Ubuntu 22.04 tana da tallafi har Afrilun 2027, don haka kada wani ya tsorata ni in biya kuɗin canza ta yanzu. Na biyun ya fi burge ni, domin aiki ne da za ta iya sayar mini.

Bayan yaron ya yi nasa, ta bar ɗan umarninta ya ƙara mako ɗaya yana rubutu. Sabon zanen kamar haƙoran zarto yake, ya hau ya sauka, tsakanin megabait 110 da 160. Ta cire kunnawar ƙarfe 3 na dare, ta ce idan aka bar filasta a kan wurin da ya warke, ranar da sabon ciwo ya fito ba za a gani ba. Sai batun komawa gigabait 4. Ashe ba a komawa da danna maɓalli ɗaya, domin lokacin da aka ƙara RAM an ƙara har da faifai, shi kuma faifai ana faɗaɗa shi amma ba a tsuke shi. Dole aka buɗe sabuwar saba aka kwashe komai, daren Lahadi, naira 60,000. Shafin ya tsaya minti 25, ta faɗa mini tun da wuri, na sanar da mutane. Rumbun bayanan ya dawo ƙasa da megabait 400 bayan fitar da hotuna. Kuɗin wata ya koma dala 24. A lissafina, rarar wata biyar za ta biya duk abin da na ba su.

Wanda sabarsa ta faɗi yau kuma yake son ta tashi kafin azahar, wannan ofishin ba nasa ba ne, zai fita da haushi. Wanda kuwa ya gaji da faɗuwar da ke dawowa kamar zazzaɓin damina, yana iya daure mako ɗaya hannunsa a aljihu, ya je. Ya tambayi farashi tun daga ƙofa, ya nemi lambar abokin aikin ma don ranar Asabar, ya kuma tabbatar wanda ya rubuta masa manhaja yana kusa kafin a fara. Zai yi kyau ya riƙe ranaku da lokutan da sabar ta faɗi a rubuce, ni ban riƙe ba, sai da muka bi saƙonnin faɗan da ke wayata muka tsamo su ɗaya bayan ɗaya.

Na goge asusunta a gabanta kamar yadda ta ce. Makon jiya na sake hawa benen da kwandon karas da latas, na kuma tambaye ta nawa za ta karɓa ta gwada ko kwafin da ake ajiyewa ƙarfe 2 na dare yana buɗuwa, domin tun da aka fara yin sa ba wanda ya taɓa gwadawa. Wannan karon na sa ta rubuta farashin a takarda kafin in zauna. Naira 40,000, ranar Laraba.